Gado da Haye: Tarihin Koyon Kiɗan Tsirkiya a Zangunan Akara

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ta dauri ba a cika tambayar makaɗi inda ya koyi kiɗa ba, sai dai a tambaye shi ɗan wane ne. Amsar wannan tambaya takan wadatar, domin kiɗa sana'a ce, sana'a kuwa gado ce. Ɗan makaɗi yakan tashi ya tarar da kayan aiki rataye a zauren gidansu, kamar yadda ɗan maƙeri yake tarar da uwar maƙera da zugazugai. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba shi ake kira ɗan haye, wasu kuma su ce shigege, kuma duk ƙwarewarsa ba a rasa mai tuna masa cewa ba gadonsa ba ne.

Wannan maƙala ta bibiyi abin da ya sami wannan tsari sa'ad da kayan kiɗan tsirkiya suka bar gida suka sauka a Akara, babban birnin Gana, wanda Hausawan can suke kira Ankara, musamman a unguwannin Nima da Mamobi da maƙwabciyarsu Kanda. Abin da tarihin ya nuna shi ne, a zango igiyar da ta ɗaure abin kiɗa da zuri'a ta yi sako-sako, har ya zama rayuwar goge da danginsa ta rataya a wuyan 'yan haye, wato masu ɗaukar abin kiɗan da ba su gada ba su koye shi da girmansu.

Kayan kiɗan da matsayinsu a gida

Tsirkiya ita ce igiyar da ake ɗaurewa ta yi tauri, ko ta bakan maharbi ko ta abin kiɗa. Hausa tana rarrabe kayan tsirkiya da aikatau biyu: akwai waɗanda ake gogawa, akwai waɗanda ake kaɗawa. A rukuni na farko akwai goge, wanda sunansa ma daga aikin ya fito. Ana yin sa da ƙoƙon duma a rufe da fatar guza ko ta damo, a soka masa sanda, a ɗaura masa tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, wadda take hawa kan ɗan itacen da ake kira jaki. Abin gogawar shi ma izgar doki ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya. A rukuni na biyu akwai garaya mai tsirkiya biyu, da molo mai jikin itace kamar kwami, da gurmi mai jikin ƙoƙo, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya wanda akan yi jikinsa da gwangwanin kifi.

Kowannensu yana da ma'abota. Garaya ta maharba ce tun asali, sa'an nan ta zama ta 'yan bori. Gurmi ya yi suna a fagen kokawa. Goge kuwa ya daɗe yana ɗauke da tabo, saboda an danganta shi da bori da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren shan giya, kuma malaman jihadin ƙarni na 19 sun yi kakkausar suka a kansa. Saboda haka babu ɗayan waɗannan da ya sami kujerar da tambari da kakaki da algaita suka samu a fada. A ƙarni na 20 ne rediyo da faifai suka ɗaga darajar wasu daga cikinsu, ta hannun mutane irin su Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, da Haruna Uji mai gurmi, da Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam masu kukuma, da Garba Liyo mai goge.

Yadda ake koyo a gidan gado yana da tsani. Yaro ba ya fara taɓa tsirkiya. Yakan fara da ɗaukar kaya da amshi, sa'an nan a ba shi caki ko ƙwarya ya riƙe ƙafar kiɗa na tsawon shekaru. Kafin hannunsa ya kai ga goge, kunnensa ya riga ya haddace duk take da kirarin da gidan ya mallaka. Ba a zaunar da shi a ce yau darasi kaza za a yi. Yana kallo ne, yana saurare, yana sata a ɓoye idan maigida ya ajiye.

Tsirkiya a kan hanyar goro

Fataken Hausa sun shafe ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna dawowa da goro daga kasuwar Salaga. Ayari kuwa ba ya tafiya da 'yan kasuwa kaɗai: akwai malamai da mahauta da wanzamai da makaɗa. Duk inda ayari ya yada zango ya daɗe, sai zangon ya zama unguwa. Daga nan kalmar ta sami ma'anar da take da ita a Gana a yau, wato unguwar baƙi Musulmi 'yan arewa, inda Hausa ce harshen mu'amala ko da mazaunan ba Hausawa ba ne.

A kan wannan hanya akwai ƙasar Dagwamba, inda goge ya sami matsayin da bai taɓa samu a gida ba. Dagwambawa suna kiran sa gonje, kuma masu kaɗa shi makaɗan fada ne, suna yi wa Ya Na, sarkin Yendi, da sauran sarakuna kirari, suna adana tarihin sarauta. A cikin waƙoƙinsu ana jin Dagbani da Gurmanci da Hausa. Wannan babban darasi ne ga ɗalibin al'ada: ƙoƙo ɗaya, izga ɗaya, amma a Kano abin kunya, a Yendi abin alfahari. Ashe tabon ba a jikin gogen yake ba, a idon jama'a yake.

Abubuwa uku suka karkato da wannan jama'a zuwa bakin teku. Na farko, sojan Hausa da Turawan Ingila suka yi amfani da su a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, waɗanda da yawansu suka zauna. Na biyu, mayar da Akara hedikwatar mulkin mallaka a 1877. Na uku, yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Karachi da Kintampo da Kumasi da Akara. A tsakiyar birnin aka kafa Zangon Malam ƙarƙashin Malam Na-Inno, sa'an nan ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta biyo baya a wajajen 1931, sa'ad da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun wani gidan Gawa na Osu. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika ta da ma'aikata, saboda sansanonin soja da ke kusa suna neman leburori da masu dafa abinci da masu gadi, har ta tumbatsa ta haɗe da Mamobi.

Maƙwabtaka a madadin zauren gado

Wanda ya sauka a Nima a shekarun 1950 yakan bar abubuwa uku a baya: fadar da za ta ciyar da makaɗi, da dangin da za su hana shi taɓa abin da bai gada ba, da kuma garin da ya san asalinsa. A madadinsu yakan tarar da gidan haya mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya, inda Bazabarme da Bamoshe da Bakotokole da Bayarabe da Bafarafare suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Kusan kowace ƙabila cikin waɗannan tana da abin kiɗan tsirkiya ɗan uwan na Hausa. Zabarmawa suna da gogensu da molonsu. Farafara, mutanen yankin Bolgatanga waɗanda masanin nan Keith Hart ya zauna cikinsu a Nima a tsakiyar shekarun 1960, su ne masu kologo, wanda ƙoƙo ne da fata da tsirkiya biyu, ƙirarsa ba ta da nisa da ta garaya da gurmi.

Akwai shaidar ido a kan cewa goge ya iso Akara tare da 'yan ci-rani. A 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim a wajen birnin a kan 'yan Hauka, wani reshen bori na Zabarmawa da Songai da ya taso daga Nijar. Mutanen da ke cikin fim ɗin leburori ne da masu ƙananan sana'o'i a kasuwannin Akara, kuma goge ne yake kiran iskokinsu. Haka nan maroƙan Hausa sun ci gaba da sana'arsu a bukukuwan aure da suna, kamar yadda Deborah Pellow ta nazarta a Sabon Zango. Gado bai mutu ba ke nan. Abin da ya sauya shi ne, ya daina zama ƙofa ɗaya tilo. A gidan haya babu mai tsare ƙofar. Wanda ya ji kiɗan maƙwabcinsa dare bayan dare yana iya roƙon a ba shi ya gwada, kuma babu kawun da zai ce ya zubar da mutuncin gida.

Jita da makaɗan bayan tashi daga aiki

Bayan maƙwabtan cikin zango, akwai maƙwabtan waje. Tun ƙarshen ƙarni na 19 garuruwan bakin teku suke da wata al'ada ta kiɗan tsirkiya wadda ba ta san gado ba sam. Matuƙan jiragen ruwa 'yan ƙabilar Kuru na Laberiya su ne suka yaɗa jita da banjo da mandolin a tashoshin jiragen ruwa, suna kaɗawa da yatsu biyu, babban yatsa da manuniya. Masunta da 'yan dako da ma'aikatan tasha suka koya daga gare su, suna taruwa da yamma a inda ake sayar da bammi, shi ya sa aka laƙaba wa salon sunan kiɗan bammi. Ƙungiya takan ƙunshi jita ɗaya ko biyu, da akwatin katako da ake bugawa, da kwalba ko ƙarfen da ake ƙwanƙwasawa. Babu wanda ya dogara da ita don cin abinci.

Kwame Asare, wanda aka fi sani da Jacob Sam, misali ne na wannan tafarki. Maƙerin zinariya ne ta fuskar sana'a, wani matuƙin jirgi Bakure ya koya masa jita, kuma a 1928 shi da abokansa biyu, da sunan Kumasi Trio, suka je Landan kamfanin Zonophone ya ɗauki kiɗansu a faifai. A jerin faya-fayan Afirka ta Yamma da kamfanin ya fitar a waɗannan shekaru har da na harshen Hausa. Bayansa an yi Koo Nimo, wanda aka haifa a 1934, ya shafe shekaru yana aikin ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar Kumasi da rana, yana kiɗa a lokacin hutunsa. Da jita ta shiga ƙauyukan Akan, sai makaɗa suka ɗauko salon seperewa, tsohon abin kiɗan tsirkiyarsu, suka ɗora mata. Sabon abin kiɗa ya karɓi tsohon hannu.

Arewa ma ta shiga wannan musaya. A shekarun 1930 matasan Dagwamba suka ƙirƙiro kiɗan simpa daga abin da suka jiyo a kudu, suna rera shi da Dagbani da Hausa. Rediyo kuma, wadda ta fara aiki a Akara a 1935 kuma daga baya ta sa Hausa cikin harsunan watsa shirye-shiryenta, ta zama malamin da ba ya tambayar asali. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa yana Kanda har yau, tafiyar ƙafa daga Nima.

Abin da hannu yake koya

Yana da kyau a tsaya a ga me ake nufi da ƙaura daga wannan abin kiɗa zuwa wancan, domin a nan wahalar haye take. Mai garaya ko kologo yana danne tsirkiya a kan sanda mai kewaye wadda ba ta da alama ko ɗaya, kunnensa ne yake gaya masa inda yatsa zai sauka. Idan zai gyara murya, sai ya tura zoben fatar da ya ɗaure tsirkiyar sama ko ƙasa. Idan ya ɗauki jita sai ya tarar da tsirkiya shida, da wuya mai faɗi wanda aka yanka da gaɓoɓin ƙarfe, da maɓallan murɗawa. Gaɓoɓin suna sauƙaƙa wa ɗan koyo, amma suna ƙuntata wa gwani, domin sun hana shi muryoyin tsakani da ya saba zamewa a kansu. Sa'an nan jita tana son a danne tsirkiya uku ko huɗu a lokaci guda su yi amo tare, alhali shi ya saba da layi ɗaya na waƙa da amon da ke maimaituwa a ƙarƙashinsa. Hannun damansa ne jarinsa: bugun da ya iya yana ƙaura da shi duk inda ya je.

Goge ya fi tsanani. Ba a danne tsirkiyarsa a kan sanda, taɓa ta kawai ake yi da yatsu tana rataye a iska, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba yana ɓata murya. Ga izga, wadda sai an san nauyin da za a ɗora mata, in ba haka ba sai ta yi ƙara maimakon kuka. Ɗan koyo yakan daɗe yana damun maƙwabta kafin ya fitar da abin da za a saurara. A saman wannan duka akwai harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma gwanin goge yana bin hawa da saukar kalmomi har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Wanda bai ji Hausa sosai ba zai iya fitar da amo, amma gogensa ba zai yi magana ba. Shi ya sa tsanin gidan gado, daga amshi zuwa ƙwarya zuwa tsirkiya, yake da hikima, kuma ɗan hayen da ya yi nasara yakan bi shi ne ko da a gajarce.

Shekarun koma baya

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Zanguna ne suka fi jin wannan doka a jika, domin dubban 'yan Nijeriya da Nijar da Bolta ta Sama da Togo sun tattara sun tafi, har da waɗanda a nan aka haife su. Kiɗan da ake koyo ta maƙwabtaka yana raunana idan maƙwabta suka watse. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981 kuma aka sa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, ta durƙusar da kiɗan dandali a ƙasar baki ɗaya. Da aka ɗage ta, masu biki sun riga sun gane cewa hayar lasifika da kaset ta fi ciyar da ƙungiya araha.

Sa'an nan fiyano da kwamfuta suka zo, suna kwaikwayon muryar kowane abin kiɗa da yatsa ɗaya. A Kano masana'antar finafinai ta rungume su a shekarun 1990. A Nima matasa suka juya ga salon gambarar zamani da ake kira hiplife, kuma ƙungiyar VIP, wadda a Nima ta tashi, ta sa Hausar zango a bakin 'yan Gana da yawa. Harshen ya ci riba, tsirkiya ta yi asara. Wa'azin da ke ƙyamar goge da garaya saboda alaƙarsu da bori shi ma ya ƙara ƙarfi a wannan zamani.

Waɗanda suka ɗauki abin da aka ajiye

Duk da haka, inda tsirkiya ta farfaɗo, ta hanyar buɗe ƙofa ta farfaɗo. A Jami'ar Gana da ke Legon, inda J. H. Kwabena Nketia ya jagoranci Cibiyar Nazarin Afirka, an ɗauki Salisu Mahama, ɗan gadon gonje daga Dagwamba, yana koyar da ɗaliban da ba su da alaƙa da zuri'arsa. Cikinsu har da Ba'amurkiya Jacqueline DjeDje, wadda ta koya a wurinsa a farkon shekarun 1970, kuma a 2008 ta fitar da littafi a kan goge tsakanin Fulani da Hausawa da Dagwambawa. King Ayisoba, wanda ya taso yana kiwo yana kaɗa kologo a yankin Bongo, ya sauko Akara neman aiki, a 2006 ya fitar da faifan da ya cika ƙasar, ya ci babbar lambar yabo a shekarar da ta biyo, kuma bayansa matasa da dama suka ɗauki kologo ba tare da jin kunya ba. A Nijar, Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya tafi bakin Tafkin Chadi a 2002 ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu iya biram na Buduma, mai tsirkiya biyar. Ya koya da girmansa, ya zaga duniya da shi har rasuwarsa a 2018.

Labari mai kama da wannan ya faru a Amurka. Banjo ya samo asali ne daga bayin Afirka a tsibiran Karibiyan, waɗanda suka haɗa ƙoƙo da fata irin na gida da wuya mai faɗi da maɓallan murɗawa irin na Turai. Hans Sloane ya buga hoton irinsa daga Jamaika a 1707. Haɗuwar banjo da gogen Turawa ita ce ta haifi ƙungiyoyin kiɗan tsirkiya na ƙauyukan kudancin Amurka, na manoma da ma'aikata masu kiɗa a barandar gida. Da tafiya ta yi nisa sai baƙaƙen fata suka bar shi, har aka manta nasu ne. A 2005 wasu matasa uku, Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson, suka riƙa zuwa gidan Joe Thompson, dattijo mai goge a Karolina ta Arewa wanda ya haura shekara 80, suna zama suna bin sa a kiɗa. Giddens waƙar opera ta karanta, ba gadonta ba ne. Ƙungiyar da suka kafa, Carolina Chocolate Drops, ta ci lambar Grammy a 2011, shekara ɗaya kafin rasuwar dattijon.

Kammalawa

Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gaskiya ne cewa gidan gado ya fi kowace makaranta iya tarbiyyar kunne. Amma gado yana da sharaɗi: sai ɗan ya yarda ya karɓa, sai kuma sana'ar tana ciyar da shi. A Nima da Mamobi waɗannan sharuɗɗa biyu sun yi rauni, saboda ɗan mai goge yana da makaranta da kasuwa da situdiyo a gabansa. Abin da ya rage shi ne hanyar da zango ya buɗe tun farko, wato mutum ya ɗauki abin kiɗan da ba na gidansu ba don yana son sa, ya nemi wanda ya iya, ya jure wa dariyar maƙwabta. Ana iya adana goge a gidan tarihi, ana iya adana amonsa a faifai, amma sanin nauyin izga a kan tsirkiya ba ya zama sai a hannun mai rai. Idan tsohon da ya iya ya rasu ba wanda ya zauna kusa da shi, take da kirarin da ke cikin kansa, da Hausar da gogensa yake furtawa, duk tare za a binne su. Saboda haka kalmar haye, wadda a dā gori ce, ta cancanci ɗalibin Hausa ya sake duba ta.